Ordinatar da Ke Makara da Azahar

Daren da Harouna ya sauka Yamai, bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Zeinabou, ɗiyar ƙanwarsa da ake kira Abu, a unguwar Gaweye. Bai daɗe da kwanciya ba ya ji wani abu na cewa ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar faranti. Amma kaza takan gaji, ta ɗaga kai ta dubi sama ko da shaho. Wannan ba ya sauri, ba ya sassautawa. Harouna ya tashi zaune yana lalubar takalminsa.

"Baƙo, kwanta abinka," in ji wata murya ta bayan katanga. Yelwa ce, maƙwabciya, mai tuyar ƙosai a bakin gada. "Abin Abu ne. Mu mun saba, ranar da aka ɗauke wutar kuran ma ba ma iya barci."

Ba yawo ya kawo Harouna birni ba. Damina ta gaza a ƙauyensu, can bayan Tahoua, rijiyoyi sun koma laka. Saura foraj guda, wato rijiyar burtsatse, wadda wasu Turawan aikin taimako suka haƙa, da inji a can ƙasa mai jawo ruwa da wutar rana. Farkon rani akwatin da ke sarrafa injin ya lalace, su kuwa Turawan sun kwashe kayansu tun watan da sojoji suka karɓi mulki. Ƴan shanun da suka rage wa Harouna suna hannun ƙanensa Mumuni, ana kora su yini guda zuwa wani tafki, kuma duk zuwa sai an baro wata a hanya. Zeinabou, wadda ke gyaran ordinatoci, wato kwamfutoci, a Kalley, ita ce ta yi waya ta ce tana jin wata tsohuwar ordinatar da ke wurinta za ta iya aikin akwatin. Ita ya zo ɗauka.

Da safe ta nuna masa ita. Wani farin akwati ne da ya koma ruwan ƙasa, an cire masa murfi, ciki kamar gari in an hango shi daga kan dutse: ga tituna, ga rumbuna, ga wata ƴar fanka na juyawa ita kaɗai. An jawo waya zuwa wani ɗan ƙarfe mai bugun gwangwanin tumatir. Shi ne kazar jiya.

"To a ɗaure mini ita, in kama motar yamma."

"Kawu, ba ta gama jarrabawa ba."

"Ita ma lakwal take, ƴar makaranta?"

Zeinabou ta yi dariya, ta ja kujera. Ta ce a cikin ordinatar akwai wani abu da ba a gani, suna ce masa noyo, wato ƙwallon ciki, shi ke raba wa kowane aiki lokacinsa. Aikin injin foraj kuwa ba ya jira. Ana buɗe masa wuta ana rufewa sau da yawa kafin mutum ya ƙifta ido, in aka makara da rufewa sai ya ƙone a can ƙasan rijiya. Don haka ta sa ordinatar ta riƙa farkawa a kan lokaci tana duba kanta, ko ta makara da nawa. In lafiya, gwangwani ya ci gaba da bugawa. In makarar ta wuce iyaka, sai ta yi kuka.

"Ta taɓa kukan?"

"Ta taɓa."

"Sau nawa?"

"Cikin dubban dubbai, sau ɗaya. Amma ni ba ranakunta na kirki nake nema ba, Kawu. Mafi munin lokacinta nake son gani."

Abin da ya fi ba Harouna mamaki shi ne yadda ake wahalar da ita da gangan. Zeinabou takan ɗora mata ayyuka barkatai, har ta kunna mata majigin kokowa uku a lokaci guda, don a ga ko ƙwallon zai shagala ya manta da injin. Harouna ya yini gaban gilashin ordinatar yana kallon ƙattai na kayar da juna ba murya. Ya riƙa tunanin ko ita ma tana da wanda take goyon baya. Ya kuma tuna wani makiyayi da ya sani, wanda bai taɓa barci a bakin garke ba sai dare ɗaya, kuma har ya mutu da daren nan ake tuna shi.

Rana ta uku ya ji kukan da kunnensa. Ana kiran azahar, zafi ya kai inda ƙadangaru ma sun shige rami, sai akwatin ya yi wata siririyar tsuwa kamar ɗan tsako, gwangwani ya tsaya. Washegari ma haka, kusan lokaci guda. Zeinabou ta zauna ta dafe kai, sannan ta ce ta gane. In ordinatar ta ji zafi, akwai wani abu a ƙarƙashin ƙwallon da ke tsayar da komai ɗan lokaci don ya duba jikinta, kuma ba ya neman izinin kowa. Ta nemi hanyar hana shi, babu.

"Da dare fa?"

"Da dare lafiya lau take."

"Da dare kuma babu rana."

"Babu."

Harouna ne ya kawo shawarar buhu. Ya ce yadda ake sanyaya tulu haka za a yi mata: a kafa ƙirare kewaye da ita, a rataya jiƙaƙƙen buhu, iska na bi ta ciki. In injin ya tashi ai ruwa ya samu, shi da kansa zai zauna yana yayyafawa har damina.

Yelwa ta ba da aron buhun wake da moɗa. Ta leƙo ta ga dattijo durƙushe yana yi wa akwati fifita.

"Malam Harouna, ko amarya ba ta samu wannan gata ba."

"Amarya ai ta san azahar, Yelwa. Wannan sai an roƙe ta."

Kwana biyu ba ta yi kuka ba. Harouna ya fara naɗe tabarmarsa a zuci. Sai aka ɗauke kuran da hantsi, Zeinabou ta ce jarrabawa ta koma farko, domin ba a haɗa rabin jiya da rabin gobe. Aka sake. Ran nan iska ta tsaya cik, ko ganyen bedi ba ya motsi, sojojin da ke bakin gada sun shige ƙarƙashin motarsu. Buhu na jiƙe sharkaf, hannun Harouna na cikin moɗa, akwatin ya yi kukansa.

Da la'asar Mumuni ya samu aron waya ya kira. Jar saniya mai karyayyen ƙaho ta kwanta, an ɗaga ta da itace ta sake zubewa. Bai ma tambayi labarin ordinatar ba.

Harouna ya sami Zeinabou a ƙofar ɗaki.

"Abu, ba ni ita haka nan."

"Kawu."

"Ke kika ce sau ɗaya cikin dubbai. Wa ke cikin mutane da bai taɓa makara ba? Ko sati guda ta yi, su sha, su tashi."

"In ta makara a can ba kuka za ta yi ba, injin ne zai ƙone. Shi kaɗai ne. Yanzu akwati ne kawai babu, wata rana a samo. In injin ya tafi, ko baɗi ba ruwa, ba na shanu ba, ba na mutane ba." Ta dubi ƙasa. "Ni na ce ka zo. Da na san haka da ban ce ba."

Ya so ya yi faɗa, ya tuna mata wanda ya sayar da bijimi aka kai ta lakwal. Maganar ta zo har bakinsa. Amma ya ga matan ƙauyen a zuci, jere da tulunansu a bakin foraj, sai ya koma ya zauna a kan turmi.

Daga nan suka shiga yawon neman wata ordinatar. Suka bi rumfunan tsofaffin kaya a Kalley da Katako, suna ɗaukowa suna mayarwa. Wata ba ta tashi sam, wata ta fi ta farko makara. Wata baƙa, mai tsagaggen gefe, ta yi kwana biyu ba kuka, har da azahar, Zeinabou ta ce a ƙara mata kwanaki tukuna, zafi bai kai na ranar nan ba. Harouna ya daina tambaya. Yakan zauna ya kalli kokowar, ya san wanda zai faɗi tun kafin a kama.

Suna kan jiran baƙar ne, wata safiya, aka yi sallama. Mumuni ne, fuska duk ƙurar babbar motar kamyo, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Ya sauke wani babban ƙunshi a bakin zaure, ɗaure da igiyar guga. Tun bai kwance ba ƙudaje suka taru, warin ɗanyen ƙirgi ya cika gidan, kuma ba na saniya ɗaya ba ne. Ya ce an gaya masa a Katako akwai masu saye.

Zeinabou ta kawo masa ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon cikin kwanon kafin ya sha. Harouna bai tashi daga kan turmi ba.

Yelwa ta ji baƙuwar murya, ta leƙo ta kan katanga da matsami a hannu.

"A'a, Mumuni ne? Sannu da hanya. To kai da ka taho, wa ka bar wa shanun?"