Ba Ruwansu

Isiyaku bai nemi aikin tafinta ba. Daga ajin da yake koyarwa komandan Gure, mai mulkin yankin, ya sa aka ɗauko shi, da alli a hannunsa, aka tsayar da shi ƙarƙashin goriba a bakin kwari, tsakanin manoma da wata Baturiya da ƙungiyar duniya ta aiko. A cikin manoman kuwa har da uwarsa, Delu, wadda lambun rogo da albasarta ya biya masa lakwal, makarantar boko.

Baturiyar ta yi magana a natse, shi yana juyawa. Wai duniya na ɗumama, hamada na matsowa, ruwan kwari na ja da baya. Wai binciken masana ya nuna rijiyoyin manoma da saran itace ne suka jawo. Magani shi ne a kewaye kwarin da waya, a rufe rijiyoyi sai ƙasa ta huta. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.

Isiyaku ya dubi uwarsa. Idan hannuwa suka tashi, lambun Delu ya tafi ke nan.

Delu ba ta iya haɗiye magana ba tun tana budurwa, balle yanzu. Ta miƙe tana gyara zane.

"Isiyaku, tambaye ta. Gugana na fata ne ya shanye kwari, ko sitarnin masu neman fetur, motocin tankin nan da ke ɗiba a rijiyar foraji kullum suna yin arewa?"

Komandan ya yi gyaran murya. Isiyaku ya juya tambayar yadda take.

Baturiyar ta yi murmushi. Ta ce batun kamfani ba ya cikin aikinsu, su ba sa bayan kowa. Kalma guda ta jaddada da Faransanci, ta maimaita ta.

Isiyaku ya san kalmar sarai, kuma ya san hanya biyu gare ta a Hausa. Idan ya ce "tsakani da Allah suke aiki", tsofaffin nan za su ɗaga hannu, don ba sa jayayya da wanda ya ambaci Allah. Abin da komandan ke jira ke nan. Sai idonsa ya kai kan motar Baturiyar. Tano biyu ne, gangunan man gazuwal, ɗaure a baya, da jan tambari a jikinsu. Tambarin nan ya san shi, shi ne a ƙofar kowace sitarni. Ko matar ta taɓa lura da shi ma, oho. Haushi ya turnuƙe shi.

"Inna," ya ce da ƙarfi, "ta ce su ba ruwansu."

Delu ta gyaɗa kai.

"Ta faɗi gaskiya, 'yar albarka. Ba ruwansu ba ne. Namu ne."

Tsoho Abarshi ya fara tashi, ya saɓa gugansa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi rijiyarsa. Ko yatsa ba a ɗaga ba. Baturiyar ta dubi Isiyaku tana tambayar me ya faru.

Komandan ne ya matso, har Isiyaku na jin numfashinsa.

"Mushe, ni ma ina jin Hausa," ya ce a hankali, yana kiransa yadda ake kiran malamin lakwal. "Lakwal ɗin Taskar, can cikin hamada, na neman malami. Can ma ba ruwa."

Isiyaku ya kau da kai. Daga ƙasan kwari yana jin igiyar Delu tana gurzar bakin rijiya.