Makullin Keke a Kwarmin Masu Bulo

Naƙuda ta kama Nafisat ranar Juma'a da azahar, lokacin da mazan Rigasa duk suka tafi masallaci. Mijinta Tanko ya sa ta a kekensa mai ƙafa uku, ya nufi asibiti. A hanya ta yi amai, ta ce ya samo mata ruwa.

Ya tsaya a wurin masu buga bulo, inda suka gina kwarmin siminti suna tara ruwa. Ba kowa a wurin. Ya sunkuya da buta, sai makullin keken ya sulale daga aljihun rigarsa.

Ruwan garau yake. Ga makullin can a ƙasa yana ƙyalli, kamar hannu zai kai. Ya zura hannu har kafaɗa, bai taɓa komai ba. Ya ɗauko shebur ya tura. Sandar ta yi kamar ta karye daidai saman ruwan, bakin shebur kuma ya tsaya yana lilo, bai kai ƙasa ba. Haske kan lanƙwashe idan zai fito daga ruwa, sai ƙasan ya taso wa ido kusa. Tanko bai tsaya tunanin wannan ba.

"Baban Aziza!" Nafisat ta ƙwala masa kira. "Kai, zan haihu a titi!"

"Ruwan iyakarsa ƙirjina. Ina zuwa."

Bai iya iyo ba. Ya cire takalmi ya dira, ruwa ya rufe kansa. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ta taɓa ƙarfe. Ya danƙe makullin da yatsun ƙafa, ya tunkuɗa sama. Bangon santsi ne, duk gansakuka. Ya shaƙi iska rabi da ruwa, ya koma.

Da ya sake tasowa, mayafi ya faɗo masa a fuska. Nafisat ce ta rarrafo, ta ɗaure bakinsa ɗaya a ƙarfen famfo, ta kwanta a kan yashi tana nishi.

Ya jawo jikinsa waje yana tari, ƙafar dama a dunƙule. Sai da ya sa hannu ya ɓamɓare yatsun.

"Ƙirjinka," in ji Nafisat, haƙoranta a datse. "Ɗaga ni."

Ya ɗauke ta ya sa a keke. Da ƙyar makullin ya shiga. Keken ya tashi.