Abin da ke Ƙarƙashin Tebur

Da aka hana fita saboda annoba, Mai Zane ya rasa abin zanawa. Mutumin da ya saba zama bakin kasuwa yana zana 'yan dako, sai ga shi a ɗaki kamar kaza a akurki. Ya zana taga, ya zana buta, kyanwar maƙwabta ma sau uku ya zana ta.

Matarsa kuwa, Maman 'Yan Biyu, ofis ne ya biyo ta gida. Kullum da hantsi sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, ta shiga taro.

Wata rana fensirinsa ya faɗi, ya sunkuya ɗauka, sai ya kasa tashi saboda abin da ya gani a ƙarƙashin teburin. A sama tana ta "Haka ne, ranka ya daɗe." A ƙasa kuwa ƙafarta ɗaya na jijjiga gadon jarirai, ɗayar ta danne wayar caja kada ta zare, hannayenta suna ninke kayan yara a cinya.

Kwana huɗu ya yi zaune dirshan yana zane. Da ya nuna mata, ta yi dariya har da hawaye.

"Maigida, ka iya ƙafa. Amma wanda ya zana ninkin nan bai taɓa ninke wando ba."

Ta turo masa kwandon kaya. Sai da ya yi mako yana wanki da shanya da ninki, ya gyara hoton, sannan ta ce ya yi.

Ya rataye shi a bango, bai lura kyamarar kwamfutarta na kallon wurin ba. Ana tsakiyar taro manajan ofishinsu ya ce, "Dakata. Wancan hoton fa?"

Ta faɗi gaskiya, ta ce ƙarƙashin teburinta ne. Can sai manaja ya karkato kyamararsa ƙasa: kwat a sama, gajeren wando a ƙasa, ga baho cike da kwanuka suna jiransa. Akantar ofis ita ma ta nuna nata, tsinken saƙa da rabin hula. Taro ya ɓarke da dariya, kowa na cewa a zana shi.

Hoto goma sha ɗaya Mai Zane ya yi kafin a buɗe gari. Da na manaja ya isa, matar manajan ta bugo waya.

"Malam, hannunka ya yi kyau. Amma ƙara kwanukan, waɗanda yake bar mini sun fi haka yawa."