Jirgin da Ya Ba Manya Baya

"Ƙara wuta, Sadisu! Ƙara wuta!"

Sadisu ɗan acaɓa ya murɗa totur, igiya ta miƙe, jirgin Malam Nu'uman ya biyo babur yana jan ciki a filin ƙwallo. Jirgi ne na karan dawa da buhun taki, ba inji, sai an ja shi. Karo na uku ke nan ko taƙi ɗaya bai bar ƙasa ba.

"Malam, jirgi ne ko garma?" in ji wani ɗan kallo. Rabin Batsari ya kwashe da dariya.

Malam Nu'uman, malamin kimiyya, ya ji kamar ya nutse. Shugaban makaranta, Alhaji Barau, ya rantse in abin nan bai tashi yau ba, ɗakin gwaji ya zama siton karyayyun kujeru. Ga shi can cikin rumfar manya, har ya fara kaɗa makullin ɗakin.

Abin haushin, Malam ya san matsalar sarai. Fiffike sai iska ta dake shi ta gaba yake ɗagawa. To amma an kafa rumfa a yamma, iska kuwa daga gabas take, kuma wa ya isa ya ba manya baya? Dole babur ya nufi rumfa, iska na bin sa.

Inna Tayyiba mai ƙosai ta yafuto shi. "Kai, ɗan nan, ashe bokon naka na banza ne? Ko faifai, in ka tara wa iska shi, ka ɗan ɗaga bakinsa, ai sai ta nemi ƙwace maka. Juya abin nan!"

"Inna, manya fa?"

"Su za su tashi?"

Malam ya koma fili. Ya jawo jirgi har gaban rumfa, ya juya wa Alhaji ƙeya. Sadisu ya fizgi babur gabas. Buhun ya kumbura, hancin ya ɗaga, sai ga jirgi yana hawa, har ya wuce ƙoƙuwar darbejiya. Inna ta rangaɗa guɗa.

Alhaji Barau ya taso a hankali, ya danƙa wa Malam makulli.

"Ya tashi, ban musa ba. Gobe da safe ka kawo mini bayani a rubuce, dalilin da ya sa ka ba ni baya a gaban baƙi."