Tukunyar Mutmainna

Lawwali bai taɓa kallon fim har ƙarshe kafin ya fassara shi ba. Yana gani yana ɗora muryarsa, in ya gama kashi ɗaya ya tura a wayoyin direbobin da ke jiran a ɗage musu shinge a bodar Jibiya. Suna son fassararsa ne saboda yana raɗa wa 'yan fim sunayen mutanen wurin. Mugu ya zama Bawa mai faci, dolo ya zama Ɗanmaraya ɗan kamasho, kowa ya sha dariya.

Da wani katun na Japan ya shigo hannunsa, ya ga wata budurwa mai dara-daran idanu tana dafa wa ƙauyensu abinci cikin fara'a, nan take ya sa mata Mutmainna. Mutmainna 'yar kawunsa ce, ta girme shi, mijinta ya rasu, da shinkafa da miyar da take sayarwa a gefen shingen take riƙe 'ya'ya uku. Ta ji daɗin abin. Har daga tsallake aka riƙa zuwa cin girkin 'yar katun.

Kashi shida suka fita. A kowanne mutum ɗaya yake ɓacewa a ƙauyen, sai dai a tsinci takalminsa a bakin rijiya. Direbobi suka rabu, wasu na zargin likita, wasu malamin makaranta.

Ran Talata da hantsi ya buɗe na bakwai. Budurwar ta sauka wani ɗaki a ƙarƙashin madafa, ga likitan nan a rataye, da ransa, idonsa na juyawa. Tana 'yar waƙa ta yanki cinyarsa, ta wanke, ta jefa a tukunya. Can kuma ga ta tana zuba wa 'ya'yansa miya, ƙaramar tana lasar yatsa. Lawwali ya tsaya a tsakiyar magana. Abin da ya fi damunsa shi ne wani ya zauna da hankalinsa ya zana wannan, har ya zaɓo launin da ya dace da kitse.

Ya goge kashi na bakwan, ya ce wa kowa ya lalace. Kwana biyu sai ga shi wani direba ya shigo da shi daga Maraɗi da rubutun Faransanci a ƙasa. Ba wanda ya nemi fassara, ido ya isa.

Ran Juma'a bencin Mutmainna ya bushe. Ɗanmaraya ya bi ta gabanta yana tambaya yau wa aka yanka, ya ce tun safe bai ga Bawa ba. Wani kwandasta da ya saya ya juya tsokar da cokali, ya juya, ya tashi ya bar farantin. Kowa ya san wasa ne, amma ba wanda ya iya haɗiyewa.

Bayan an sauko masallaci Mutmainna ta sa aka kira Lawwali. Ya fara bayani, ya ce wallahi bai san inda labarin ya dosa ba, zai canza sunan, zai roƙi mutane su goge.

"Zauna," in ji ta.

Ta buɗe tukunya a gaban direbobi, ta tsamo tsoka mafi girma, mai kitse, ta ɗora masa a kan shinkafa.

"Yaya, na ƙoshi."

"Da bakinka ka saka ni ciki. Ci, su gani. Gobe ma nan za ka ci."

Miyar ja ce, mai na yawo a kanta. Ya yi bismilla ya kai baki, kitsen ya narke masa a harshe. Ya daure, ya tauna, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa. Mutane sun kewaye shi suna kallo.

Sai da ya kai loma ta biyar Bawa ya ja benci ya zauna, ya ce a zubo masa, amma ban da nama.