Akwati a Ƙarƙashin Gado

Tun ranar da ƙasa ta zaftare ta tafi da gidanmu, Mama ba ta ƙara cin abinci kamar mutum ba. Ta ɗan taɓa, ta ture kwanon, ta ce ta ƙoshi. Babu wanda ya mutu a zaftarewar, mun gode Allah, don tun da safe bango ya fara tsagewa aka fitar da kowa. Muna tsaye a tsallaken kwari muna kallo, gidan da Baba ya gina da hannunsa ya sulale ƙasa har da baranda da igiyar shanya. Na ɗauko Mama na kawo ta wurina a El Alto, garin da ke saman birnin La Paz, na ba ta ɗakin da rana ke shiga, na hana jikokinta hayaniya. Duk da haka kullum ƙara zubewa take yi, har siket ɗinta sai da na rage masa ƙugu.

Ni Casilda, dankali nake sayarwa a kasuwa, kuma duk layinmu an san ba na raga wa kowa. Amma Mama Severina ce ta haife ni, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In na kafe, ita ta fi ni kafewa.

Abu ɗaya ya rage na gidan, shi ma don ba ya ciki ne. Babanmu, Nemesio Yujra, kafinta ne. Shekarar da zai auri Mama ya sassaƙa ɗan gida na katako mai ɗaki ɗaya, wanda bai fi kwalin takalmi ba, ya ba ta ranar Alasita. A ranar nan ce kowa a La Paz yake neman ƙaramin abin da yake roƙon babbansa, mai son mota 'yar mota, mai son shago ɗan shago, a kai wa yatiri, wato malamin addu'a na gargajiya, ya turara shi ya sa masa albarka da tsakar rana. Sai dai abin da ka saya wa kanka ba shi da ƙarfi, sai wani ya ba ka da hannunsa. Bayan shekara biyu Baba ya sami fili a gangaren dutse ya gina ɗaki ɗaya. Daga nan abin ya zama masa ɗabi'a: duk ɗakin da zai ƙara wa babban gida, sai ya fara ƙara wa ƙaramin. Haka ɗan gidan ya yi bene, ya yi baranda, ya sami gado da murhu da keken ɗinki, har da kwandon kare a ƙarƙashin matakala.

Da Baba ya rasu, ƙanena Prudencio ya ɗauki ɗan gidan ya ba wani gidan tarihi da ke tsohon gari, wai jikoki suna ɓalle masa tagogi. Na yi wata ban yi masa magana ba. Yanzu ga shi da ya bi ta tawa, da ƙasa ta haɗiye ƙaramin tare da babban. Ban taɓa faɗa masa haka ba, kuma ba zan faɗa ba, kansa ya ishe shi girma.

Farkon Janairu, ana ta ruwa, Mama ta kira ni ina wanke kwanuka. Ta ce bana tana da abin da take so in ba ta ranar Alasita. Na ji daɗi har na goge hannu na zauna kusa da ita, na ce ta faɗi, ko bulo ne, ko siminti, ko takardar fili, duk zan sayo mata.

"Akwati nake so," in ji ta. "Ɗan ƙarami, irin na matafiya."

Na ce ina za ta je da wannan ƙafar tata.

"Wurin babanki."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa za ta leƙa maƙwabta. Na ce mata in dai daga hannuna ne, har abada. Na ce ban ɗauko ta daga bakin kwari don in zo in sallame ta da hannuna ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba gaggawa take yi ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Na tashi na koma kan kwanukana, har na fasa ɗaya.

Na san halinta, don haka na riga ta. Na buga wa Prudencio waya na ce duk ranar da ya kuskura ya saya mata akwati, ya nemi wata yayar. Na gargaɗi 'ya'yana, na gargaɗi maƙwabciyarmu mai gasa burodi. Ta kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi mata kunnen uwar shegu. Tana da kuɗinta ƙulle a bakin mayafi, da ta so da ta saya da kanta, amma ta san wannan aikin banza ne. Sai ta daina maganar. Ta kuma ƙara rage abin da take ci, har shayin safe sai ya huce a gabanta.

Ranar Alasita, ashirin da huɗu ga wata, na sa mata hularta mai kyau muka shiga ƙaramar bas muka gangara cikin gari. Tun kafin mu sauka hayaƙin turare ya cika titi. Ko'ina teburan masu sayarwa ne, da ƙananan buhunan shinkafa, da tukwane da ba su fi ɗan yatsa ba, da kajin yumɓu na masu neman aure. Na saya mata ɗan bulo da ɗan siminti da ɗan kwanon rufi da 'yar baro, na danƙa mata da hannu biyu yadda ake yi. Ta karɓa ta yi godiya. Ba mu yi nisa ba ta hango wata mai ciki tana taya irin kayan tana mayarwa, sai ta miƙa mata duka, ta ce Allah ya ba ta babbansu. Na ce, haba Mama. Ta ce ita ta riga ta yi gininta, yanzu in kai ta ta ga gidanta kafin rana ta tsaya.

Gidan tarihin tsohon gida ne mai tsakar gida da daɓen dutse, kuma ɗakin ƙananan gidaje yana can ƙurya. Akwai na 'ya'yan attajiran da, waɗanda aka kawo daga ƙetare a jirgin ruwa, da fitilun silin da kujeru masu ruwan zinare da 'yan tsana sanye da leshi. Kyau kam suna da shi, amma ni kullum sai in ga kamar ba a taɓa dafa ko ruwan zafi a cikinsu ba. Namu yana kusa da taga a cikin gilashi, fentinsa shuɗi ya koɗe, da takarda a gabansa ɗauke da sunan Baba. Ermelinda, mai kula da ɗakin, ta san mu tun lokacin da aka kawo shi. Ta gaishe da Mama, ta ɗauko mata kujerar da take zama a kai.

Mama ta zauna, fuskarta dab da gilashin, tana nunawa da yatsa ba tare da ta taɓa ba. Ta nuna ɗakin farko, ta ce a nan aka haife ni a kan buzun tunkiya, don gadon bai zo ba sai shekara ta gaba. Ta nuna barandar, ta ce Baba bai so ta ba, ya ce iska za ta riƙa shigo musu, amma ita ta roƙa, shi kuma ya sassaƙa yana mita. Keken ɗinkin ma haka, ya ce ƙararsa za ta hana shi barcin rana. Ermelinda tana dariya, ta ce da ta san wannan da ta rubuta a takardar. Ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu, don na ga inda zancen ya dosa.

Ashe ban gani ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, ko na tuna shekarar da na tayar da hankalin gida sai na tafi Buenos Aires, can ƙasar waje, aikin ɗinki. Na tuna mana. Ina budurwa a lokacin, kaina yana hayaƙi, Baba ya ce ba inda zan je, ni kuma na daina cin abincin gidan.

"Wa ya ba ki akwati a Alasitar shekarar?"

Ban tuna ba, sai ta ci gaba.

"Ja ne, da ɗan kwaɗo. Na zagaya rumfar mai sayarwa sau ba adadi kafin in iya tsayawa. Na ba ki ina murmushi, na zo gida na shiga wannan ɗakin na rufe ƙofa." Ta nuna ɗakin da ke bayan murhu. "Ba don ina so ki tafi na ba ki ba, Casilda. Na ga zaman ya ishe ki ne."

Wallahi na manta da akwatin nan. Na tuna tafiyar, na tuna sanyin ɗakin ɗinkin da bashin da na dawo da shi, amma hannun da ya ba ni akwatin ya ɓace mini, kamar dai ni na sallami kaina. Na dubi wuyanta yadda ya rame a cikin mayafi. Duk watannin nan ina ɗura mata miya ina faɗa, ban taɓa tambayar ta ko zaman ya ishe ta ba, saboda ina tsoron amsar.

Na tambayi Ermelinda ƙarfe nawa, ta ce saura kaɗan rana ta tsaya. Na fita da gudu, ni da ba na gudu ko ruwa ya tsuge a kan dankalina. Na kutsa cikin mutane ina ture na turewa, wani ya zage ni na rama ban ko waiga ba. Na sami mai akwatuna, na ɗauki wani ruwan ƙasa mai ɗan madauri, ban ko taya ba, abin da ban taɓa yi a rayuwata ba. Yatirin da na samu wani tsoho ne a bakin matakalar coci, mutane sun yi masa zobe kowa yana miƙa nasa. Na miƙa nawa ta saman kan wani gajere daidai lokacin da ƙararrawa ta fara bugawa. Ya zagaya shi cikin hayaƙi, ya yayyafa masa barasa da furanni, ya tambaye ni ina za a je.

Na ce, "Ba nawa ba ne, na mahaifiyata ne."

Ya dubi fuskata, bai ƙara tambaya ba. Ya ce Allah ya kai ta lafiya.

Na same ta a inda na bar ta. Na durƙusa a gabanta na ba ta da hannu biyu. Ta karɓa ta shinshina turaren, ta buɗe shi ta rufe, ta ce madaurin ba shi da ƙwari amma zai yi. Sai ta tambayi Ermelinda ko za a bar ta ta ajiye shi a gidanta. Ermelinda ta ce ba a ƙara komai a kan abin da ke cikin gilashi sai da izini daga sama. Can ta ce amma ai wannan gidan tun asali ƙara masa ake yi, za ta yi musu bayani. Ta goge akwatin ya bushe, ta ɗauko makulli, ta ba Mama safar hannu fara.

Na ɗauka a bakin ƙofa za ta ajiye shi, inda matafiyi ke ajiye kayansa. Na ma kawar da kai don kada in gani. Da na juyo sai na ga ta zura yatsu biyu cikin ɗakin bene, tana tura shi a hankali ƙarƙashin gadon da Baba ya sassaƙa, har sai ɗan madaurin kawai ake hangowa.

"A nan ake ajiye akwati in ba yau za a tafi ba," in ji ta. "Ni dai in san yana nan, kuma ke kika ba ni."

Da muka fito ta ce tana jin yunwa. Muka zauna a rumfar wata mai abinci aka kawo mata dafaffiyar masara da wake da dankali da soyayyen cuku. Ta cinye tas, ta sa hannu a nawa cukun, ta kuma ce dankalin bai kai wanda nake sayarwa ba. Ina kuka ina dariya, mai abincin tana ta kallonmu.

Ta ƙara ganin Alasita, ta ga auren babbar 'yata, siket ɗin ma sai da na mayar masa da ƙugunsa. Faɗa kuwa ba mu fasa ba, ta ce ina cika gishiri, na ce ta zo ta dafa. Da lokacinta ya yi, da hantsi ne, tana zaune a rana tana ɓare wake, kwanon yana kan cinyarta.

Bayan mun binne ta kusa da Baba, na sa baƙaƙen kayana na gangara tsohon gari ni kaɗai. Ermelinda tana ganin kayan jikina ba ta tambaye ni komai ba, ta je ta ɗauko makulli da safar hannu. Yatsuna sun fi na Mama kauri, sai da na yi ta fama kafin in kamo madaurin. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gadon, na sauko da shi ta matakala, na buɗe 'yar ƙofar gidan na ajiye mata shi a bakin ƙofa.