Masu Rabon Rami na Sha Shida

Ranar Alhamis ce a farkon Nuwamba. An kwana ana yayyafi a tsaunukan Tochigi, gari ya waye da sanyi, gajimare ya sauko har kan itatuwa. Ciyawar filin golf ta sha ruwa ta yi laushi.

Rikio Nabeshima shekararsa arba'in da huɗu, ashirin daga ciki ya yi su yana yawon gasa, bai taɓa ɗaga kofi ba sai na shayi. Matarsa Sumie ce ke ɗaukar masa jakar sanduna, don kuɗin hayar mai ɗauka ya gagare su tun bara. Wannan ce gasarsu ta ƙarshe a bana, kuma akwai alkawari a tsakaninsu. Otal da mai da kuɗin rajista sun cinye yen miliyan uku daga asusun gida. In ya mayar da su kafin yammacin Lahadi, ya sake shekara guda a fili. In bai mayar ba, ya rataye sanduna ya shiga shagon awarar surukinsa. Tsohon har ya sayi takalmin roba daidai ƙafar Rikio, ya ajiye a bakin ƙofa inda dole sai ya tsallake shi.

Rami na sha shida gajere ne, ana bugowa ta saman tafki, dandalinsa kuma ya lotsa a tsakiya kamar kwano. A bayansa kamfanin taliya mai ɗaukar nauyin gasar ya kafa ƙaton allo: yen miliyan shida ga wanda ya zura da bugu ɗaya.

Rikio ya buga, hannunsa ya zame. Ƙwallo ta karkace dama, nesa da tuta. Har ya buɗe baki zai zagi sanda, sai ta faɗi kan gangare kusa da wani karkataccen itace, ta gangaro a hankali kamar mai neman gidan da aka kwatanta mata, ta faɗa rami.

Ihu ya tashi. Rikio ya jefa hula sama.

"Sumie! Miliyan shida! Ki ce wa Baba ya mayar da takalminsa kanti!"

"Baban Nozomi, sauke murya," in ji ta, tana goge sandar. "Yau Alhamis. Mutum ɗari da ashirin za su bi ta ramin nan, wasu har Lahadi. Duk wanda ya zura, da shi za a raba daidai."

"Shekara nawa ba wanda ya zura a nan? Sai yau za su yi layi?"

Wanda ya yi irin wannan sa'a ba ya cinye ta shi kaɗai, kowa ya sani. Sai ya ciyar da mutane, ya raba kyauta. Masu wasan nishaɗi har inshora suke saya don tsoron ranar, ƙwararru kuwa ba a sayar musu. Kafin la'asar Rikio ya ba da odar tawul ɗari uku masu sunansa da kwanan wata, ya kuma kama gidan gasasshen nama na kusa da tasha gaba ɗaya. Duka yen dubu ɗari tara. Sumie ta miƙa katin banki kamar ana cire mata haƙori.

'Yan wasa arba'in suka zo, har da waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba. Tsoho Tsuboi, abokin hamayyarsa tun suna samari, ya cika masa kofi da giyar shinkafa.

"Faɗi gaskiya, Nabe. Kuskure ka yi. Na ga bakinka, ashar ce a kansa."

"Kuskure? Ni?" Rikio ya jawo kwanon miya da ba komai ciki, ya tsayar da tsinken cin abinci a gefensa, ya ɗauki ƙwayar wake. "Ga dandali, ga itace. Ku duka tuta kuke nufa, shi ya sa kuke nan inda kuke. Mai hankali gangaren dama yake nufa, ɗan hagu da gindin itacen, ya bar ƙasa ta yi masa aiki."

Ya saki waken, ya gangara tsakiyar kwano. Sumie ta mintsine shi a cinya ta ƙarƙashin tebur. Bai ji ba. Bai kuma lura cewa mutum arba'in sun daina tauna ba.

Wani ƙaton saurayi mai suna Ukai, wanda ya tara faranti bakwai a gabansa, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Yaya, da wace sanda?"

"Lamba shida, ƙanena. Kada ka cika ƙarfi. Ci nama, ci nama, ai ni na biya."

A ranar talabijin ta yi ta maimaita bugun, kowane maimaici da allon taliya a baya. A ƙa'ida kullum ana sauya wa rami wuri a dandali, amma shugaban kamfanin ya ji daɗi har ya roƙi alƙalan gasa kada su fitar da ramin daga cikin kwanon, su riƙa matsar da shi kaɗan kawai. Roƙon mai biyan kuɗi ba a cika tsayawa nazarinsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi Tsuboi ya zura.

Ya tarar da Rikio a kwamin wankan zafi na kulob, ya tsaya tsirara ya rusuna masa har sau biyu.

"Malam, ɗalibinka na godiya. Ɗan hagu da gindin itacen, kamar yadda ka ce."

"Tafi can, tsohon ɓarawo. Namana ka ci, yanzu kuɗina."

"Kuɗinmu dai. Uku naka, uku nawa. Zan aiko maka da tawul."

Rikio ya tsallake tankaɗen yammacin Juma'a, lokacin da ake sallamar rabin 'yan wasa hannu rabbana. Ranar Asabar wani ɗan Koriya mai suna Byeon, wanda a wurin cin nama ma tafinta ke fassara masa darasin, ya zura nasa. Rabo ya koma miliyan biyu.

Da safiyar Lahadi Rikio ya zagaya ƙaramin wurin ibada da ke bayan kulob, ya jefa kwabon yen biyar a akwati, ya tafa hannu sau biyu, ya roƙi iska mai ƙarfi a kan rami na sha shida.

"Yen biyar ka ba allolin nan su tsare maka miliyan biyu?" in ji Sumie. "Ko ni ba zan karɓi aikin nan ba."

"Ke ba kya so in ci ne. Kin fi son ki gan ni ina matsar wake."

Ta gyara igiyar jaka a kafaɗarta, wurin da fata ta riga ta yi kanta. "Da ina son haka, da ban ɗauki wannan gawar na hau tudu da ita shekara biyu ba. Wuce mu je."

Abin mamaki, haushin rabon nan ya gyara masa hannu. Wasan da ya yi a kwanakin nan ya fi duk wanda ya yi cikin shekara goma. A rami na sha shida kaɗai yake shan wuya. Kullum sai ya nufi gangaren nan da gangan, kullum ƙwallo sai ta tafi inda ta ga dama. Duk filin shi kaɗai dabararsa ta ƙi yi wa aiki.

Da suka iso rami na ƙarshe, ƙwallonsa ta tsaya kamu huɗu daga baki. Sumie ta dubi allon sakamako ta matso kusa da kunnensa.

"In ta shiga, kai kaɗai ne na sha ɗaya, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu da ashirin. In ka zubar, ka faɗa cikin mutum biyar ɗin da ke bayanka. A haɗa kuɗin na sha ɗaya zuwa na sha shida a tukunya guda, a raba muku ku shida."

"Na sani."

"To, zura mu tafi gida."

Ya tsuguna ya duba layi. Miƙaƙƙe ne, ba karkata ko kaɗan, irin wanda Nozomi ke zurawa a kan tabarmar ɗaki da tsintsiya. Ya miƙe, ya daidaita ƙafafu.

Sai ihu ya ɓarke daga can ƙasan tudu, wajen tafki. Rikio ya san irin ihun nan, sau uku ya ji shi a makon. Wani ɗan kallo mai rediyo a kunne ya kasa riƙe bakinsa.

"Ukai ne! Yaron nan Ukai ya zura!"

Rikio ya ja da baya. Faranti bakwai. Ya tuna har ƙarin harshen saniya ya sa aka kawo masa.

"Sumie, shida a raba huɗu..."

"Buga kawai. Lissafi nawa ne."

Ya koma kan ƙwallo. Ɗaya da rabi. A haɗa da biyu da ɗari huɗu da ashirin. A cire na nama. Ko ya riga ya cire na nama? Tawul fa, a ciki yake ko daban? Ya sake farawa daga shida. Abokin wasansa ya fara duban agogo. Yana tsakiyar cire ɗari tara a karo na biyu hannunsa ya tafi da kansa. Ƙwallo ta je bakin rami, ta leƙa, ta zagaya rabin baki, ta fito ta zauna.

Ya tura ta ciki da bugu na biyu, ya cire hula ya rusuna wa jama'a, don ko gidanka ke cin wuta sai ka rusuna.

A hanyar ɗakin sa hannu kan katin sakamako ya tambayi Sumie a hankali, "Da ma ba za ta isa ba ko? Tunda yaron nan ya shigo rabo."

"Da ta isa. Har da rarar dubu ashirin."

Ya tsaya cak. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ce ka buga."

Mutum biyar ɗin da ya faɗa cikinsu suna zaune a ɗakin sauya kaya. Zubarwarsa ta jefa kuɗin na sha ɗaya cikin tukunyarsu, kowannensu ya ƙaru da dubu ɗari da 'yan kai. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna masa sannu da ƙoƙari, fuskokinsu a ɗaure, idanunsu na dariya. Ukai ya shigo da gudu, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Yaya, lamba shida, ban cika ƙarfi ba! Bashinka ba zan iya biya ba har abada."

"Dubu ɗari biyar ne," in ji Rikio. "Za ka iya."

Ukai ya yi dariya har da hawaye, ya ce Yaya akwai barkwanci.

A mota Rikio ya gwada sa'arsa ta ƙarshe. Ya ce kuɗin nama ai ba na gasa ba ne, na mutunci ne, bai kamata a sa shi a lissafi ba. Sumie ta miƙa masa waya. Surukinsa ne, ya kalli komai a talabijin. Ya ce wasa ya yi kyau ƙwarai, ya kuma ce ana jiƙa wake tun daren Lahadi, saboda haka su yi sauri.

Ga abin da ya tafi. Daga miliyan shida na allon taliya, miliyan huɗu da rabi sun shiga aljihun mutum uku da ya ciyar. Nama da tawul, dubu ɗari tara. Bugun kamu huɗu, dubu ɗari biyar da ashirin. Abin da ya kai gida miliyan biyu da rabi, ya gaza alkawari da dubu ɗari biyar. Sai hula ɗaya da ya jefa sama ranar Alhamis ta faɗa tafki, da shekara guda a fili da ta kuɓuce masa. Tawul uku sun iso ta gidan waya, na Tsuboi da na Byeon da na Ukai, suna rataye a shago kusa da tukunyar wake.